Man Kifi: Amfaninsa Da Ɓarnarsa

Yau za mu yi magana a kan man kifi. Da yawa cikinmu mun taɓa ganinsa a kantin magani, ko a wurin masu tallar magani ran kasuwa. Wani yana cikin kwalba, ana shansa da cokali. Wani kuwa an ɗura shi cikin 'yan ƙwayoyi masu taushi, masu launin zuma, ana haɗiye su. Mutane suna cewa yana ƙara ƙarfi, yana sa yaro ƙiba. Don haka sai mu ga uwa ta sayo da 'yan kuɗinta, tana ba ɗanta safe da rana da dare. Ba ta san man kifi magani ba ne mai awo. In aka wuce awonsa, cuta yake kawowa.

Da farko sai mu sani man kifi iri biyu ne. Akwai wanda ake tatsowa daga naman kifi. Akwai kuma wanda ake tatsowa daga hantar wani kifin teku, ana ce da shi kod. Ana kama kod a teku mai sanyi ƙwarai, wajen ƙasar Norwe. Mun san kifin nan, ko da ba mu san sunansa ba. Irinsa ne ake busarwa ya yi tauri kamar itace, a kawo shi kasuwanninmu, Ibo suna kiransa okporoko.

Man hantar nan yana da amfani, ba mu musu. A cikinsa akwai bitamin A da bitamin D. Bitamin A yana taimakon ido, yana hana dundumi. Bitamin D yana taimakon ƙashi. A shekarar 1919 wani likita a Ingila, Edward Mellanby, ya gwada shi ga 'yan kwikwiyo masu laushin ƙashi, ya ga sun warke. Aka yi ta ba yaran Turai, gama a can rana ba ta fitowa sosai da hunturu. Mu kuwa Allah ya ba mu rana. In rana ta taɓa fatar mutum, jiki da kansa yakan yi bitamin D.

To, mece ce ɓarnarsa? Akwai ƙanana, akwai manya.

Ƙananan su ne waɗanda mai sha yakan ji tun ran farko. Yakan yi gyatsa mai ƙarni. Bakinsa yakan yi warin kifi, wani ma har guminsa. Wani ƙwannafi ke damunsa, wani tashin zuciya, wani kuwa cikinsa ya saki, ya yi ta zawo. Waɗannan sukan ragu in an sha man tare da abinci. Amma zawo ga ƙaramin yaro ba abin wasa ba ne. In yaro ya fara zawo, a daina ba shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Babbar ɓarna daga bitamin A take zuwa. Akwai bitamin da in sun yi yawa sai su fita cikin fitsari. Bitamin A ba haka yake ba. Jiki yakan tara shi cikin hanta, kamar yadda muke tara hatsi a rumbu. Cokalin yau yana nan, na gobe ya zo ya hau kansa. Bayan watanni sai mutum ya fara ciwon kai da amai. Fatarsa ta bushe, leɓunansa su tsattsage, gashi ya riƙa zuba, ƙasusuwa su yi ta ciwo. Hanta kanta tana iya lalacewa. Jariri kuwa, maɗigarsa takan kumbura, ya yi ta kuka, ya ƙi nono. Abin tausayi, uwa tana ganin haka sai ta ce ƙarfi ne ba shi da shi, ta ƙara masa wani cokali.

Mu tuna kuma, ma'aikatan lafiya suna ɗiga wa yara bitamin A a baki sau biyu a shekara, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 5. Wannan an auna shi daidai, kada mu hana yaranmu. Amma in muna ba yaro man hantar kifi a gida, lalle mu faɗa musu.

Mace mai ciki kada ta sha man hantar kifi sai da iznin likita. Yawan bitamin A yana iya taɓa ɗan da ke ciki, a haife shi da naƙasa, musamman in an sha a watanni ukun farko. Manja da karas da gwanda da mangwaro da zogale ba su da wannan hatsari. Daga cikinsu jiki yakan yi bitamin A gwargwadon bukatarsa kawai.

Ga wata magana wadda ta shafe mu ƙwarai, watau ɗura. Kada a danne yaro, a toshe masa hanci, a zuba masa mai a baki yana kuka. Man yana iya sauka cikin huhunsa. Ruwa ma in ya shiga huhu wahala ne, balle mai, wanda ba ya fita da sauƙi. Yaro sai ya kama tari da haki, ya daɗe yana jinya.

Waɗansu iyaye don ƙafar yaro ta lanƙwashe suke sayen man nan. A Jos likitoci sun gwada wannan al'amari ga yara 123, suka bayyana abin da suka gani a shekarar 1999. Sun ga abin da yaran suka fi rasawa shi ne kalshiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Waɗanda aka ba kalshiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Ana samun kalshiyam cikin nono da madara, da 'yan ƙananan kifi da ake ci har ƙashinsu. Ashe ke nan kwalba goma ta man kifi ba lalle ta miƙe ƙafar yaro ba. A kai shi likita ya duba.

Manya su ma su yi hankali, har da irin na naman kifi. Man kifi yana ɗan hana jini saurin daskarewa. Wanda yake shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko asfirin, ya tambayi likita tukuna. Wanda za a yi wa aiki a asibiti shi ma ya faɗa. A shekarar 2020 an bayyana wani gwaji da aka yi da mutum wajen 13,000 masu hatsarin ciwon zuciya. Rabi an ba su giram 4 na man kifi kullum, rabi an ba su man masara. Cikin masu shan man kifi, wajen mutum 2 cikin 100 bugun zuciyarsu ya rikice. Cikin masu man masara kuwa, wajen mutum 1 cikin 100. Wanda kifi ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, shi ma kada ya sha sai ya yi shawara da likita.

In likita ya ce mu saya, mu karanta takardar da ke jikin kwalba kafin mu ba da kuɗi. Mu duba ko na hanta ne ko na nama. Mu duba awon da aka rubuta, na yaro dabam, na babba dabam. Cokalin shayi ake nufi, ba na miya ba. Mu nemi lambar hukumar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace. Wanda ya wuni a rana kan faranti kada mu saya, gama zafi yana ɓata mai. A gida mu rufe kwalbar sosai, mu ajiye ta a inuwa, gefen randa, inda hannun yara ba ya kaiwa. In mun buɗe mun ji warin ruɓaɓɓen kifi, mu zubar.