Yadda Ake Aiki da Rima Wajen Dasa Ƙafar Kujera

Kafintan da ke aiki a Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida, ya san wahalar da benci ke sha a kasuwar doya: a zauna, a ja, a jibga masa kaya. Ƙafar da aka buga da ƙusa, hunturu na busar da katakon sai ta fara girgiɗi. Maganinta rami mai faɗi a ƙasa, tsukakke a sama, yadda nauyin mai zama zai riƙa ƙara cusa ƙafar ciki. Rima ce ke fitar da wannan rami.

Sanda ce ta itace mai tauri irin kirya, mai kauri a sama da tsini a ƙasa, an tsaga ta an zura guntun zarto da aka goge wa haƙora. Mai digiri 6 ta fi dacewa: kowane santimita 10 na tsawo, kaurinta na ƙaruwa da kusan santimita 1.

Fara da daidaita bakin zarton. Kada ya leƙo waje fiye da rabin milimita. In ya yi yawa zai cije ya yagi katako, in ya yi kaɗan sai gogar banza. Wadda ke da sukuru a murɗa kaɗan, wadda ba ta da shi a saka siririyar takarda a tsagar. Lallai ɓangarorin biyu su leƙo daidai. Gwada a yankakken malaina tukuna.

Sai ka huda mazaunin daidai kaurin siririn kan ƙafar, a karkacen da kake so. Kifa shi, ka zura rima ta ƙasa, ka juya dama da hannu biyu, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Bayan juyi 3 ko 4 zare ta, ka fitar da garin da ya cika tsagar, don shi ke hana ta ci.

A nan aikin yake. Duk zarewa, zura ƙafar ka ja baya ka duba ta gaba da ta gefe, ka gwada da ma'aunin kusurwa. In ta kauce hagu, karkata rimar dama a juyi na gaba. Yi gyaran tun da wuri, domin in ramin ya kai girmansa babu sauran naman da za a ci. Shafa alli a kan ƙafar, ka murɗa ta a ramin: inda allin ya goge, nan kaɗai take taɓawa. Ana so ya goge ko'ina.

Lallai ƙafar ta fi mazaunin bushewa, musamman in maɗaci ne sabon yanka. Tsaga kanta da zarto, shafa gam, buga ta. Sannan ka cusa siririn katako a tsagar, a gicciye da jijiyar mazaunin don kada ya tsage. Washegari ka yanke abin da ya leƙo.