Amsoshin Tambayoyinku: Zama a Garin Hanko

Wata mai sauraronmu ta aiko tana tambaya: wanda zai koma Hanko da zama, wane yare ya kamata ya koya?

To Malama, Hanko ƙaramin gari ne a bakin tekun Baltik, a can ƙarshen kudancin Finland, mazaunansa kimanin 8,000. Yaren Finland da na Sweden duka na hukuma ne: da su ake rubuta sunayen tituna, kowanne kuma da makarantunsa. Masu yaren Finland sun ɗan fi yawa, don haka ki fara da shi, zai sauƙaƙa miki neman aiki a tashar jiragen ruwa ko masana'antu. Lokacin zafi garin kan cika da baƙi. Da hunturu kuwa rana gajeruwa ce, ga sanyi, sai ki tanadi tufafi masu kauri.