Ba Kowace Takarda Ce Ta Kora Ba

Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata, wurin da ake buɗe wa mutum fayil ranar da aka ɗauke shi, a rufe ranar da ya tafi. Takardun rabuwa da na buga da hannuna ba zan iya ƙirga su ba. Shi ya sa tun da na dawo gida Salka, da wuya wata ya wuce wani bai yi sallama a ƙofar gidana da ambulan a aljihu ba. Kusan dukkansu maganarsu ɗaya ce kafin su zauna: "Malam, an kore ni." Idan na buɗe takardar, sau da yawa ba kora ba ce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne maigadi. Ya zo bayan la'asar, ya zaro takardu biyu daga cikin leda, ɗaya ta yi laushi saboda ninki. Na tambaye shi wa ya karanta masa ta farko. Ya ce ɗan ƙanensa, yaron kuma ya ce an sallame shi. Sai ya tattara tocila da sandarsa, ya koma gona ya duƙufa kan dawa da gyaɗa, yana cewa haka Allah ya so. Na duba. Kalmar da ke saman takardar "suspension" ce, a ƙasa kuma an nemi ya bayyana gaban kwamiti cikin mako biyu ya kare kansa. Bai je ba, don bai san ana jiransa ba. Takarda ta biyu ita ce ta kora, dalilin da aka rubuta kuwa shi ne ya gudu ya bar aiki.

Na ce, "Baba, da ka zo da ta farkon."

Ya ce, "Ai ɗan nan, wanda aka kora ba ya neman ƙarin bayani."

Ban ga laifin yaron ba. A nan takarda kan ratsa harshe uku kafin ta isa kunnen mai ita: an rubuta da Turanci, wani ya juya ta zuwa Hausa, wani lokaci a sake juyawa zuwa Kambarci a cikin gida. A kowace gaɓa wani abu na zubewa, har kalmomi huɗu ko biyar su dunƙule su zama "kora". Alhali Bahaushe ya fi kowa sanin irin wannan bambanci. Ba wanda zai ce yaji da saki abu ɗaya ne, ko saki ɗaya daidai yake da uku. Aiki ma igiya gare shi, kuma kowace kalma tana faɗa maka ko igiyar ta saki ne kawai, ko ta tsinke.

"Suspension" dakatarwa ce. Kana nan a matsayin ma'aikaci, an ce ka tsaya a gida ne har a gama bincike. Tana da 'yar'uwa da ke rikita ko masu boko, wato "interdiction". A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka bi sawunsu wajen tsara nasu, wanda aka yi wa wannan ta biyun yana karɓar rabin albashi, idan kuma aka wanke shi a mayar masa da abin da aka riƙe. Ita dakatarwa ta farko babu albashi a cikinta. Duka biyun dai igiya ba ta tsinke ba, kuma a wannan tsakanin ne ake cin shari'a ko a faɗi. Duk wanda ya yi fushi ya tafi Kontagora neman wata sana'a bai bar adireshi ba, da hannunsa ya miƙa wuƙar.

Sai "termination", wato kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki. Wannan rabuwa ce ta gaske, amma ba lallai da laifi ba. Sau da yawa za ka ga an rubuta "your services are no longer required", ma'ana ba a buƙatar aikinka kuma. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne tana zuwa da hakki. Dokar ƙwadago, wadda ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata, ta tsara wa'adi a sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Idan ba a ba ka wa'adin ba, to a biya ka kuɗinsa. Waɗannan 'yan kalmomi "in lieu of notice" da ake tsallakewa a ƙarshen takarda, kuɗi ne ake faɗa maka.

Kora ta ainihi ita ce "dismissal". Ita ce saki uku. Tana ɗauke da tabon laifi, a aikin gwamnati tana cinye hakkokin barin aiki, tana kuma bin mutum duk inda ya je neman wani aikin. Saboda nauyinta ne ba a yinta da ka. Sai an ba ka takardar tuhuma, an ba ka lokacin amsawa, yawanci sa'o'i 24, 48 ko 72, an saurare ka. Tun 1985 Kotun Ƙoli ta mayar da Farfesa Olaniyan da abokan aikinsa bakin aiki a Jami'ar Legas saboda ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba wajen raba su da aikin. Yanzu kuma, tun gyaran tsarin mulki na 2010, irin waɗannan ƙararraki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai su.

Akwai wata jimla da ke kaɗa hantar mutane fiye da ƙima, "with immediate effect". Dattawa sun san ta tun 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000, ana jin sunan mutum a rediyo kafin takarda ta iso shi. Ma'anarta "nan take" ce kurum. Tana faɗin lokacin da abu zai fara, ba ta faɗin wane abu ne. Ana iya dakatar da kai nan take, ana iya canza maka wurin aiki nan take, har ƙarin girma ana yi nan take.

Wadda ni na fi tsoro ma ba daga sama take zuwa ba. Ita ce "resignation", ajiye aiki da kanka. Na sha ganin an miƙa wa direba ko mai shara takarda an ce, "Sa hannu a nan, mu rabu lafiya." Ya dangwala, bai san ya rubuta cewa shi ne ya tafi don raɗin kansa ba, kuɗin wa'adi kuma ya bi ruwa. Wani lokaci, gaskiya, ajiye aikin rufin asiri ne ga wanda kora ke jira. Amma mutum ya san abin da ya zaɓa.

Idan takarda ta zo, karɓe ta. Ƙin karɓa ba ya soke ta. Rubuta ranar da ta shigo hannunka, ka ɗauki hotonta a waya, ka kai wa wanda ya san aikin ofis ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, ka ce ya nuna maka kalmar da yatsa, ya kuma duba ko akwai wa'adi a ciki. Idan kuwa rabuwar ta tabbata, mai asusun fansho na adashen gata ya sani cewa dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba.

Shi kuwa Baba, mun zauna a tabarma muka rubuta takardar roƙon a sake duba maganarsa, muka bayyana cewa bai fahimci takardar farko ba ne. Na karanta masa da Hausa sau biyu kafin ya dangwala. Washegari da sassafe ɗan ƙanen nasa ya goya shi a babur, ledar tana cikin aljihun gaba.