KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA: WACCE TA DACE DA MAI SAYE?

Gabatarwa

A zamanin nan kwamfuta ta shiga sahun kayan aikin yau da kullum, kamar yadda keken buga takardu ya shiga a da. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'o'i ta zama duk a kan kwamfuta ake yin ta. Haka nan kuma neman aikin gwamnati, da lissafin kanti, da rubutun binciken kammala karatu, galibi da ita ake yi. Amma kusan duk kwamfutocin da ke kasuwanninmu daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023 tsadarsu ta ƙaru ƙwarai. Sau da yawa sai uba ya sayar da amfanin gona, ko uwa ta kwashi adashi, kafin a saya wa yaro guda ɗaya. Kuskure a irin wannan ciniki kuwa asara ce mai wuyar mayarwa.

Wanda ya shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko Banex Plaza a Abuja, ko Farm Centre a Kano, zai tarar da manyan iri biyu. Akwai mai sauƙin kuɗi, wadda aka ƙera domin ayyukan yau da kullum. Akwai kuma mai ƙarfi, wadda aka ƙera domin manyan wasannin kwamfuta, kuɗinta kan ninka na ta farkon sau biyu ko uku ko fiye. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana bambancinsu, domin kowa ya sayi wadda ta dace da aikinsa da halin wurin da yake zaune.

Sassa Huɗu Da Ya Kamata A Sani

Na farko shi ne ƙwaƙwalwa, watau furosesa, wadda ke yin dukkan lissafi. Kamfanoni biyu ne suka fi shahara wajen ƙera ta ga kwamfutocin Windows: Intel, mai Core i3 da i5 da i7, da kuma AMD, mai Ryzen 3 da 5 da 7. Kowace ƙwaƙwalwa tana da tsararta, ana kuwa gane tsarar daga lambar da ke bin sunan. Alal misali, i5-8250U tsara ta 8 ce, i3-1215U kuwa tsara ta 12. Sau da yawa i3 ta sabuwar tsara takan fi i7 ta tsohuwar tsara sauri, saboda haka girman suna kaɗai ba shi ne abin dubawa ba.

Na biyu shi ne ram. Misalinsa kamar teburin tela ne: in yana da faɗi, sai a baje ɗinki da yawa a lokaci ɗaya, in kuwa ƙarami ne, sai an kwashe wannan kafin a shimfiɗa wancan. Da gigabait ake auna shi.

Na uku shi ne rumbu, inda ake ajiye takardu da hotuna da manhajoji. Tsohon iri, mai suna HDD, faifai ne ke juyawa a ciki. Ba shi da sauri, kuma faɗuwa ɗaya kan iya lalata shi. Sabon iri, mai suna SSD, ba shi da abin da ke motsi a ciki, ya kuma fi tsohon sauri nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani a allo. A kwamfuta mai sauƙin kuɗi wannan sashe a haɗe yake da ƙwaƙwalwa, suna cin ram ɗaya. A ta wasanni kuwa kati ne na daban mai nasa ram, kamar GeForce RTX na kamfanin Nvidia, ko Radeon RX na AMD. Wannan kati shi ne tushen bambancin. Shi ke kawo tsada, shi ke kawo nauyi da zafi, shi ne kuma ke shan wuta.

Jaki Da Doki

Manomi ya san bambancin jaki da doki. Doki ya fi gudu da kwarjini, amma sai an tanadi dawa da harawa da kanwa, da mai kula da shi. Jaki kuwa da ɗan abinci kaɗan zai yini yana kai taki gona. Wanda aikinsa ɗaukar taki ne, in ya sayi doki, ya sayo wa kansa ɗawainiya. Wanda kuma zai yi sukuwa ba ya hawa jaki.

Haka abin yake ga waɗannan kwamfutoci. Ta yau da kullum nauyinta bai cika kai kilo 2 ba, ta wasanni kuwa takan kai kilo 2 da rabi ko 3, ban da cajarta wadda ita ma tana da nauyi. Allon ta farko yakan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na ta biyu sau 144 ko fiye. Wannan yana da amfani ga mai wasan da ake tsere ko harbi a ciki, amma ba ya ƙara wa mai buga wasiƙa kome. Wanda zai rubuta takarda a Word, ko ya yi lissafi a Excel, ko ya shiga intanet, da wuya ya ga bambancin sauri tsakaninsu, muddin ta farkon tana da isasshen ram da rumbun SSD. Ke nan katin da ya biya kuɗi mai yawa dominsa yana kwance ba ya aikin kome.

Batun Wutar Lantarki

Wannan shi ne abin da masu saye suka fi mantawa, alhali a ƙasarmu shi ya fi muhimmanci. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfinta. Cajar kwamfutar yau da kullum galibi wat 45 ce ko 65. Ta wasanni kuwa takan fara daga wajen wat 150, wasu har su haura 300.

Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauka wata kwamfuta tana jan wat 40, wata kuma wat 200. In aka yi aiki da kowacce awa 5, ta farko ta ci kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗin wuta, ta biyu kuwa ta ci yunit guda cur. Ga mai amfani da hasken rana abin ya fi fitowa fili. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da abin da ya kai wat 1,200 na awa ɗaya, amma rabi kaɗai ake so a ja in ana son ya daɗe, watau 600. Wannan zai riƙe ta farko kusan awa 15, ta biyu kuwa awa 3 kacal, tun ba a cire abin da inbata ke ci ba.

Har wa yau, batirin da ke cikin kwamfutar wasanni ba ya jure babban aiki. In ana wasa ba tare da wuta ba, cikin awa ɗaya ko biyu yakan ƙare, kuma kwamfutar da kanta takan rage ƙarfinta da zarar an zare caja. Masu ƙera ta ba su cika sa batirin da ya wuce wat 100 na awa ɗaya ba, domin wannan ne iyakar da ake barin fasinja ya shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. Saboda haka ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, inda wuta kan ɗauke rabin yini, zai fi morar ƙaramar kwamfuta mai riƙe caji awa 6 ko 8.

Sa'an nan ga zafi da ƙura. Ta wasanni tana da fanka biyu masu jan iska da yawa, a lokacin hunturu kuwa da ƙura suke jan ta. In ƙura ta toshe mafitar iska, sai zafi ya taru, sauri ya ragu, wani lokaci katin ya lalace. Tun da yake a manne yake da uwar allon cikin kwamfutar, gyaransa kan yi tsada, ba kuma kowane mai gyara ya iya ba.

Waɗanda Ke Bukatar Mai Ƙarfi

Duk da haka, akwai mutanen da tilas ne su nemi mai katin hoto na daban. Daga cikinsu akwai ɗaliban zanen gine-gine da injiniyoyi masu aiki da manhajoji irin su Revit, da masu tace finafinai da Adobe Premiere ko DaVinci Resolve, da masu ƙirƙirar hotuna masu motsi da Blender, da masu bincike a fannin ƙirƙirarriyar basira, sai kuma masu manyan wasanni na zamani. Ga mai tace fim, aikin da ƙaramar kwamfuta za ta kwana tana yi, babbar kan gama shi cikin ɗan lokaci, lokaci kuwa a wurinsa kuɗi ne. Irin wannan mutum in ya yi rowar kuɗi tun farko, zai sake saye sau biyu. Ya nemi ram gigabait 16 ko fiye, da rumbun SSD gigabait 512 ko fiye. In kuwa aikin a shago ɗaya yake, ya yi tunanin kwamfutar girke, domin ta fi sauƙin sanyayawa da sauya sassa.

Malamin makaranta, da akawu, da ɗan kasuwa, da ɗalibin shari'a ko tarihi ko aikin jinya, duk ta yau da kullum ta wadatar da su.

Tarkon Araha

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya guje wa tsada kada ya faɗa wa marar amfani. Akwai sababbin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Celeron da ram gigabait 4 da rumbu gigabait 64. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke bukata, kuma da an buɗe shafuka kaɗan sai su fara jan ƙafa. Abin da ya dace shi ne Core i3 ko i5, ko Ryzen 3 ko 5, da ram gigabait 8, da rumbun SSD gigabait 256.

Mai sayen ta hannu ya lura da wani abu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro ga Windows 10, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a shekarar 2021, galibi ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza tsara ta 8 ba. Ashe ke nan wanda ya sayi tsohuwar tsara ya sayi abin da aka riga aka wuce.

Kafin A Biya Kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Ya kamata mai saye ya kiyaye waɗannan:

1. Ya rubuta ayyukan da zai yi da manhajojin da zai sa tun daga gida, ɗalibi kuma ya tambayi malaman sashensa.
2. Ya sa a kunna kwamfutar a gabansa, a buɗe inda take nuna ƙwaƙwalwarta da ram da rumbu, kada ya dogara da takardar da aka liƙa a jiki.
3. In ta hannu ce, a fitar da rahoton batiri, a gwada abin da yake ɗauka yanzu da abin da yake ɗauka yana sabo.
4. Ya gwada maɓallai duka, da kyamara, da lasifika, da kafofin jona waya.
5. Ya tambaya ko ana iya ƙara ram nan gaba, domin a wasu a manne yake.
6. Ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da wa'adin garanti a rubuce. Da wannan ne zai iya kai kuka ga hukumar FCCPC, wadda dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, in an cuce shi.
7. Ya rage wani abu a aljihu domin jaka, da na'urar kare kaya daga tashin wuta, da kuɗin data.

Kammalawa

Kwamfuta kayan aiki ce, ba kayan ado ba. Tambayoyi uku sun isa su shiryar da mai saye: wane aiki za a yi da ita, da wace wuta za a ciyar da ita, kuma wa zai gyara ta in ta lalace? Wanda ya amsa su tsakaninsa da gaskiya kafin ya nufi kasuwa, ba mai kantin da zai ruɗe shi da zaƙin baki ko ƙyalƙyalin fitilu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tambayoyi

1. Wane sashe ne tushen bambancin kwamfutar wasanni da ta yau da kullum?
2. Kwamfuta mai jan wat 150, yunit nawa za ta ci cikin awa 10?
3. Don me i7 ba kullum take fin i3 ba?
4. Waɗanne masu sana'a uku ne ke bukatar katin hoto na daban?