Tafinta a Cikin Uwar Garke: Gina Shi, Sabunta Shi da Gano Cutarsa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet ya san cewa shafin da ya fito masa ya bambanta da na abokinsa: sunansa ne a kai, da lambarsa, da makinsa. Babu wani ma'aikaci da ya zauna ya rubuta wa kowane ɗalibi nasa shafin ya ajiye. A daidai lokacin da aka nema ne ake haɗa shafin, kuma abubuwa biyu ne suke haɗa shi. Na farko shi ne uwar garke, wato manhajar da ke karɓar buƙatun masu ziyara tana mayar musu da amsa. Na biyu shi ne tafinta, wato manhajar da ke karanta rubutaccen umarni tana aiwatar da shi layi bayan layi. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake shigar da tafinta cikin jikin uwar garke, da irin hidimar da wannan zaman tare yake jawowa.

Domin a sauƙaƙa fahimta, a ɗauka akwai wani kamfanin sufuri a Hotoro, cikin birnin Kano, mai jigilar kaya ga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Kamfanin yana da shafin intanet inda kowace masana'anta ke shiga ta nemi mota, ta kuma ga kuɗin da ake bin ta. Idan shafin ya tsaya kwana ɗaya, fatun majemar Challawa za su kwana a ajiye, direbobi kuma su wuni babu lodi.

Daga ina aka faro?

Tim Berners-Lee ne ya rubuta uwar garke ta farko a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba a 1990. A lokacin babban aikinta shi ne miƙa takardun da aka riga aka rubuta. A 1993 aka fito da wata hanya mai suna CGI, wadda ta ba uwar garke damar kiran wata manhaja daga waje don ta haɗa shafi. Sai dai hanyar tana da nawa. Duk buƙatar da ta shigo, dole a tayar da tafinta tun daga farko, ya karanta umarni, ya yi aiki, sannan a sallame shi. Tamkar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ke aikawa gida a kira masa tafinta duk sa'ar da baƙo ya iso, ya kuma sallame shi da zarar an gama ciniki.

A 1995 uwar garke mai suna Apache ta bayyana, kuma an tsara ta yadda za a riƙa liƙa mata ƙarin sassa da ake kira modul. A 1996 Doug MacEachern ya fitar da mod_perl, wanda ya zaunar da tafintan harshen Perl cikin Apache kanta. Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, shi ma ya sami irin wannan modul. Ta haka tafinta ya tare a shago, aiki ya ƙara sauri ƙwarai. Da harshen PHP aka rubuta WordPress, da Moodle da makarantu ke koyarwa da ita, da MediaWiki da ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa.

Darasi daga ƙwayar halitta

Ɗaliban nazarin halittu sun san irin wannan zama. A cikin ƙwayar halittar mutum akwai mitokondiriya, wadda ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi. A 1967 Lynn Margulis ta kawo hujjojin cewa asalin mitokondiriya bakteriya ce mai zaman kanta, da ta shiga cikin wata ƙwayar halitta ta zauna. Har yanzu tana da nata sinadarin gado mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37 a jikin mutum, amma mafi yawan furotin da take aiki da su daga cibiyar ƙwayar halittar umarninsu yake fitowa. Don haka ɗaya ba ta rayuwa sai da ɗaya.

Haka modul yake. Da zarar ya shiga, shi da uwar garke ma'adanar aiki ɗaya suke amfani da ita, kuma izini ɗaya gare su a kan fayiloli. Saurin da aka samu daga nan ya fito, haɗarin ma daga nan ne. Idan tafinta ya faɗi, reshen uwar garken da ke ɗauke da shi ma ya faɗi. Wannan ita ce ƙa'idar da sauran darasin ya dogara a kanta.

Gina modul

Mafi yawan modul da harshen C ake rubuta su, kuma kwamfuta ba ta aiki da wannan rubutu sai an harhaɗa shi ya koma harshen na'ura. Matakan guda huɗu ne.

Na farko, a tabbatar da sigar Apache da ke kan na'urar, da sigar tafintan, a rubuta su a takarda. Na biyu, a samo fayilolin bayani na wannan sigar ta Apache, waɗanda ke gaya wa modul yadda aka jera kayan cikin uwar garke. Akwai wata 'yar manhaja mai suna apxs da ke nuna wa mai harhaɗawa inda suke. Na uku, a harhaɗa, a kuma gudanar da gwaje-gwajen da suka zo tare da modul ɗin. Na huɗu, a ƙara layin LoadModule cikin fayil ɗin tsare-tsare, a gwada shi da umarnin apachectl configtest, sannan a sake tayar da uwar garke.

A yau mafi yawan masu kula da na'urori ba sa harhaɗawa da kansu, domin tsare-tsaren Linux irin su Debian da Ubuntu suna kawo modul a shirye. Duk da haka sanin matakan wajibi ne, domin wanda bai san yadda aka ɗinka riga ba, ba zai gane inda ta ɓarke ba.

Babban sharaɗi shi ne dacewa. Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, aka fahimci dalilin da ya sa jinin wani ke cutar da wani. Apache ma tana da irin wannan gwaji: kowane modul yana ɗauke da wata lamba mai nuna sigar da aka gina shi dominta, kuma idan ba ta dace ba, uwar garke za ta ƙi tashi.

Sabuntawa

Me ya sa ba za a bar abin da ke aiki ya ci gaba da aikinsa ba? Dalili shi ne, kowace siga tana da wa'adin da masu ita ke toshe mata kafofin ɓarayi. Alal misali, an daina kula da PHP 5.6 a ƙarshen 2018. Kamfanin da ya ci gaba da amfani da ita ya bar asirin abokan cinikinsa a ɗaki marar ƙyaure.

Amma sabuntawa ma tana da nata tarko, domin abubuwa uku ne a ɗaure: uwar garke, da modul, da rubutattun umarnin kamfani. Lokacin da Apache 2.4 ta fito a 2012, modul ɗin da aka gina don 2.2 sun ƙi shiga, kuma sai a 2015 aka sami sigar mod_perl da ta dace da ita a hukumance. Haka kuma PHP 7, wadda ta fito a Disamban 2015, ta cire tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai na MySQL, shafuka masu yawa suka tsaya cak ranar da aka sabunta su.

Saboda haka mai kula da shafin kamfanin Hotoro zai fara da kwafe komai zuwa wani wuri dabam. Zai karanta takardar canje-canjen sabuwar sigar. Zai gwada ta a wata kwamfuta ta daban, ya nemi mota kamar yadda masana'anta za ta nema. Sai ya zaɓi lokacin da ciniki ya lafa, ya kuma tabbatar batir ko janareto na nan, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar rabin fayiloli sababbi, rabi tsofaffi.

Gano cuta

Idan matsala ta auku, wurin farawa shi ne kundin kurakurai, inda uwar garke ke rubuta abin da ya same ta tare da lokacinsa. Ga alamomi huɗu da aka fi gani.

Idan uwar garke ta ƙi tashi bayan sabuntawa, galibi sigar modul ce ba ta dace ba, maganinta kuwa a sake gina shi.

Idan burauza ta nuna ainihin rubutun umarnin, ko ta sauke fayil ɗin a maimakon shafi, to ba a shigar da modul ɗin ba. Wannan na buƙatar gaggawa, domin kalmar sirrin rumbun bayanai tana iya kasancewa cikin rubutun.

Idan lamba 500 ta bayyana, uwar garke na nan da rai, amma wani abu ya sarƙe a wajen aiwatar da umarni. Kundin zai nuna fayil ɗin, sau da yawa har da layin.

Ta huɗu ta fi wuyar kamawa. A mod_perl tafinta ba ya mutuwa bayan kowace buƙata, don haka yana iya riƙe bayanin baƙon farko. Idan marubucin umarnin bai share ba, masana'antar robobi ta Sharada za ta iya ganin lissafin majemar Challawa. Tun da yake rassan uwar garke suna da yawa, kuskuren kan bayyana yanzu ya ɓace an jima.

A duk waɗannan, hanyar ɗakin gwaji ake bi. A kafa zato ɗaya, a canja abu ɗaya tak, a sake gwadawa, a rubuta sakamako. Ɗalibin da ya ƙara wa shuka taki da ruwa da haske a rana ɗaya ba zai san wanne ne ya sa ta girma ba.

Kammalawa

Saboda nauyin wannan zaman tare, da yawa sun koma raba gida. Tun 2010 PHP ta zo da PHP-FPM, inda tafinta ke zaune a shirye amma a wajen uwar garke, suna magana ta wata kafa. An riƙe saurin, an kuma rage haɗarin faɗuwa tare. Ko wace hanya aka bi, aikin mai kula shi ne ya san sigogin da ke hannunsa, ya gwada kafin ya canja, ya karanta kundi kafin ya yi zato.

Malamai za su iya jarraba ɗalibai da waɗannan tambayoyi:

1. Me ya sa hanyar CGI ta fi modul nawa?
2. Ta wace fuska modul ya yi kama da mitokondiriya, ta wace fuska kuma suka bambanta?
3. Shafin makaranta ya tsaya bayan an sabunta abubuwa biyu a rana ɗaya. A tsara gwajin da zai nuna wanne ne sanadi.