Darasi ga Hakimai da Malamansu: Littafin Shan Magani na Mai Ciwon Karkarwa

A ƙasar Guri da sauran gundumomin Haɗejiya akan sami dattijo wanda hannunsa ke rawa ko yana zaune bai taɓa kome ba. Jikinsa ya sandare, yana tafiya yana jan ƙafa, muryarsa ta ƙanƙance. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce iska. Ko kusa ba haka ba ne. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba a kuwa ɗaukarta daga wani. Likitoci suna kiranta da sunan James Parkinson, likitan Ingila wanda ya fara bayyana ta a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 8.5 a 1919 da ɗari, watau shekarar 2019.

Asalinta shi ne, akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda ke sa gaɓoɓi su bi umurnin mutum. In ya ƙaranta sai motsi ya gagara. Maganin da ya fi amfani shi ne wanda aka rubuta Levodopa a jikin kwalinsa, an kuwa soma aiki da shi a shekarun 1960. Ba ya raba mutum da ciwon, amma yakan saki jiki. Sai dai ƙarfinsa na 'yan sa'o'i ne, kuma in shekaru suka tura, yakan riƙa sakin mutum tun lokacin ƙwaya ta gaba bai yi ba.

To, ga inda littafi ya shigo. Likita a Babban Asibitin Haɗejiya, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, 'yan mintoci kaɗan zai ga majiyyaci bayan watanni. In aka tambayi dattijo yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, gama haka ladabi ya koya mana. Da wannan amsa likita ba shi da abin kamawa. Amma in an ajiye littafi gabansa, nan take zai gane ko lokaci za a gyara, ko yawan ƙwaya.

Magabatanku sun riƙe littafin haraji da na jangali ba kuskure. Wannan bai kai su wuya ba. A sami littafin makaranta, a ja layi shida a kowane shafi:

1. Ranar wata.
2. Ƙarfe nawa aka sha magani, da ƙwaya nawa.
3. Abin da aka ci, da lokacinsa.
4. Lokacin da jiki ya saki.
5. Lokacin da ya sake ɗaurewa.
6. Abin da ya auku: faɗuwa, jiri in an miƙe, taurin bayan gida, rashin barci, ganin abin da babu shi, ko jiki ya riƙa murɗawa da kansa.

A rubuta nan take, kada a bari sai dare. Boko ko ajami duk ɗaya ne, muddin mai rakiya zai iya karanta wa likita. Da yake ciwon yakan sa rubutu ya ƙanƙance har ya ƙi karantuwa, sai a ɗora wa ɗa ko jika wannan aiki. A duba agogo, domin "bayan Azahar" ba ya isar likita.

Ku lura da layi na uku ƙwarai. Kifi da nama da wake da nono sukan tare wa maganin hanya, mu kuwa mutanen fadama ne, tarwaɗa da fura da nono ba sa yanke mana. Misali, in littafi ya nuna kullum ƙwayar da aka kora da fura ba ta aiki, ta asuba kuwa tana yi, an gano bakin zaren. Galibi likita yakan ce a sha rabin sa'a kafin abinci, ko sa'a guda bayansa. Ba a ce a bar cin kifi ba.

Abu na biyu, ruwa. Kowa ya tuna ambaliyar 2022, yadda hanyoyi suka yanke. Tsayar da wannan magani farat ɗaya yana da hatsari, yakan kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewa, har ya kai ga rasa rai. Saboda haka kowace Juma'a a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, a rubuta a ƙarshen shafi. Tun a watan Yuli a tanadi na damina, tun ran gini tun ran zane. Haka kuma kafin watan azumi a kai wa likita littafin, shi zai tsara lokatai. Kada kowa ya ƙara ko ya rage da ra'ayin kansa.

Aikin Hakimi shi ne ya umurci dagatai da masu unguwanni su san gidajen da ke da mai wannan ciwo, cikin sirri da mutunci. Aikin malami shi ne ya ja layin shafin farko, ya koya wa iyali, ya kuma leƙa littafin in ya fita rangadi.

Tambayoyi

1. Don me likita yake bukatar littafin?
2. Waɗanne abinci ne ke rage ƙarfin maganin?
3. Me ya kamata a yi kafin ruwa ya yanke hanya?