Kafin ka sayi shinkafar ɓera

Da zarar an kawar da amfanin gona aka fara cinna wa ciyawa wuta a filayen da ke tsakanin Sangere da Girei, mu malaman gona mun san koken da zai biyo baya: "Malam, gafiya ta tone min dankali," "ɓera ya gama da tumatirina." Wutar da samari ke sakawa don farauta ce ke koro su cikin unguwa, inda suke tarar da lambu kore da ruwa a kusa.

Abin da mai lambu ke fara nema shi ne shinkafar ɓera. Ina roƙonku ku dakata. Kaji na tsattsage ta, yaro mai rarrafe na iya kai ta baki, kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma tana iya mutuwa. Bayan ɗan lokaci kuma wasu ɓerayen su maye gurbin, domin abin da ya jawo na farko yana nan.

Abinci da maɓuya ne ke riƙe su. A kwashe tarin karan masara da itace daga jikin katanga, a nome ciyawar gefen lambu, a tsince tumatirin da ya faɗi kafin magariba, dusar awaki kuma a zuba ta a durom mai murfi. Gafiya da kurege haƙa suke yi, don haka ragar waya mai ƙananan ido sai an binne gindinta kamar kamu ɗaya a ƙasa, in ba haka ba an yi asarar kuɗi. Tarko a ɗana shi a jikin bango, nan ce hanyarsu.

Mujiyar da yara ke jifa saboda camfi, ɓera ne abincinta a kowane dare. Ku bar ta. Jaɓa ma ƙwari take ci, ba ruwanta da shukarka.

Abin da ya fi damuna ya wuce tumatir. A garin Lassa na jihar Borno, dab da iyakar jiharmu, aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, kuma ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, musamman da rani. Kada a yi shanyar kuɓewa ko barkono a ƙasa a bar ta ta kwana. Abin da ɓera ya gutsura a zubar. Mushensa a ɗauka da shebur a binne, kada hannu ya taɓa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kuwa, a kai mai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola tun da wuri.